Dokin da ke Bangon Ɗakin Inna

Duk wadda ta tashi a Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi, da wuya a ce ba ta taɓa ganin hoton nan a ɗakin wata tsohuwa ba, an liƙe shi sama da jeren kwanoni. Jikin na doki ne, ga fukafukai, ga jelar ɗawisu, amma fuskar ta mace ce kyakkyawa, ido ya sha kwalli, ga kambi a ka. Muna yara Inna ta ce mana Buraƙa ce, dabbar da Manzon Allah (SAW) ya hau daren Isra'i. Ni dai wallahi tsoronta nake ji.

Sai da na girma na ji yadda hadisin Muslim ya siffanta ta: fara ce, ta fi jaki girma, ba ta kai alfadari ba, tana sauke ƙafarta inda ganinta ya ƙare. Babu zancen fuskar mace ko ɗawisu. Wannan ƙarin aikin masu zane ne na ƙasar Farisa da Indiya, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Daga baya aka riƙa buga shi a takarda a Masar da Indiya, alhazai da fatake suna shigo mana da shi. Kada ki manta tun 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaura, yana kwasar gyaɗa da auduga, yana sauke kayan birni.

To me ya kawo fuskar mace? A nawa ganin, mai zanen magana yake yi da alamu. Da ya so ya ce sauri, sai ya sa fiffike. Da ya so ya ce ƙawa, sai ya ari jelar ɗawisu. Da ya zo kan hankali da tausayi da natsuwa, ya duba duk halittar Allah, sai ya ɗauko fuskarmu. Wannan kam ya yi mini daɗi, ko da malamai da yawa ba su yarda da zana mai rai ba, kuma ba na jayayya da su.

Haka abin yake a bayan manyan motocin da ke cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Ki duba za ki ga zaki, ko mahayin doki da takobi a zare. Ba hoton kowa ba ne. Babu mai hoton Muhammadu Namoda, jarumin da ke cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808, wanda garin Ƙaura ke amsa sunansa, amma mutumin Zamfara in ya ga mahayin nan ya san abin da ake nufi, wato namijin da ke tsare gari. Da finafinai suka yawaita sai aka sauke shi daga doki, aka tuɓe masa riga, aka miƙa masa bindiga, ya koma Rambo.

Yau kuwa mace a Zurmi in ta ga zanen mai bindiga, gabanta faɗuwa yake. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe a Zamfara saboda 'yan bindiga, motocin suka yi cirko-cirko a tasha da zakunansu.

Hoton Inna yana wurina, ya ƙoɗe, gara ta ci gefe ɗaya. Ban liƙa shi ba, yana ƙasan akwati cikin zannuwan aurena.