Ganyen Da Ya Kashe Ɓeraye, Ya Ceci Yara

A shekarar 1952 wani likita a Toronto ta ƙasar Kanada, Clark Noble, ya karɓi wasiƙa daga tsibirin Jamaika. A cikinta akwai busassun ganyen wani fure da Turawa ke kira periwinkle, ɗan asalin Madagaska, irin wanda muke gani an shuka don ado a harabar makarantu da asibitoci. Mutanen Jamaika na dafa shi kamar shayi don ciwon suga.

Likitan ya tura ganyen wa ƙanensa Robert Noble, mai bincike a Jami'ar Western Ontario. Aka ɗura wa dabbobi ruwansa, sugan jininsu bai sauka ba. Sai aka yi wa ɓeraye allurarsa. Cikin 'yan kwanaki suka mutu. Da aka duba, ashe ganyen ya lalata musu ɓargo, fararen ƙwayoyin jinin da ke kare jiki suka ƙare, cuta ta samu ƙofa a buɗe.

Wani zai zubar da ganyen a nan. Noble kuwa ya tuna da sankarar jini, cutar da fararen ƙwayoyin ke hayayyafa babu birki. Shi da masanin sinadarai Charles Beer suka yi ta tacewa suna gwadawa a jikin ɓeraye, har a 1958 suka ware sinadarin vinblastine. A Amurka ma kamfanin Eli Lilly ya gwada ganyen a kan ɓeraye masu sankarar jini, ya ga kwanansu ya ƙaru. Daga nan vincristine ya fito, aka amince da shi a 1963. Dukansu biyu suna hana ƙwayar cutar rabuwa gida biyu. Har yau vincristine na cikin magungunan sankarar jinin yara, da kumburin muƙamuƙin nan na Burkitt da ke damun yaran Afirka.

Ni da nake aikin rediyo, na sha jin mai magani na rantsuwa cewa ganyensa na warkar da daji. Ban raina sanin kakanninmu ba, ai shi ya kai ganyen nan gaban masana. Amma mu tuna, an sha shi ne don suga, alhali ba nan ƙarfinsa yake ba, kuma ya halaka dabbobin farko. Gwaji ne ya nuna cutar da yake yi wa aiki da adadin da jiki zai ɗauka. Duk wanda ya ce mana ganyensa na maganin daji, mu tambaye shi: a ina aka gwada, kuma me ya samu waɗanda suka sha?