Ficewar Nijar Daga ECOWAS Da Tasirinta Ga Harajin Kaya Da Farashin Abinci A Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A ranar 29 ga Janairu, 2025, Jamhuriyar Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga Ƙungiyar Bunƙasa Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, wadda 'yan uwanmu na Nijar ke kira CEDEAO. Mutane da yawa sun ɗauki wannan lamari a kan rigimar shugabanni ce kawai, alhali kuwa ya shafi kwanon gero da buhun shinkafa da ragon layya. Manufata a wannan maƙala ita ce in bi diddigin al'amarin tun daga tushe, domin malamai su sami abin da za su bayyana wa ɗalibai, dattawa kuma su auna shi da abin da suka gani da idonsu a shekarun baya.

Iyaka da kuɗin fito

Kafin zuwan Turawa, babu wata iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Kano da Damagaram, irin wadda muka sani a yau. Amma akwai haraji. Madugu da ayarinsa sukan biya kuɗin fito a mashigin kogi da ƙofar gari, su kuma yi gaisuwa ga sarkin ƙasar da suka ratsa domin samun tsaro. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a kan takarda ta yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906, sannan aka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908. Iyakar ta kai tsawon kimanin kilomita 1,500, ta kuma raba dangi da gonaki da kasuwanni gida biyu.

Duk da haka ciniki bai tsaya ba, domin kowane ɓangare yana da abin da ɗaya yake bukata. Daga arewa ake gangaro da shanu da tumaki da raƙuma da wake da albasar Galmi da kanwa. Daga kudu kuma ake haurawa da masara da dawa da gero da garin rogo da man fetur da kayan masana'antu. Kasuwannin Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari da Illela, da babbar kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, duk da wannan zirga-zirga suka bunƙasa.

Abin da ECOWAS ta shimfiɗa

An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, da ƙasashe 15, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon na Nijeriya da Janar Eyadema na Togo. Abubuwa uku ne daga cikin dokokinta suka fi shafar talaka. Na farko, yarjejeniyar 1979 wadda ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Na biyu, tsarin sassauta ciniki, wanda ya yafe harajin kwastan ga amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu da aka samar a cikin yankin, daga 1990 kuma aka shigar da kayan masana'antu. Na uku, harajin bai-ɗaya a kan kayan da suka fito daga wajen yankin, wanda ya fara aiki a Janairun 2015 da matakai biyar: kashi 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari.

Sai dai duk wanda ya taɓa bin motar kaya daga Kano zuwa Maraɗi ya san cewa abin da ke rubuce daban, abin da ke kan hanya daban. Shingaye ba su ƙare ba, kuma ita kanta Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 tana cikin ƙungiyar, da hujjar hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Dattawa kuwa ba su manta da rufewar 1984 zuwa 1986 ba, wadda ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari.

Daga takunkumi zuwa ficewa

Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya karɓi mulki. Bayan kwana huɗu ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi: aka rufe iyakoki, aka dakatar da hada-hadar kuɗi, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba ta, wadda a lokacin ta kai kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke amfani da ita.

Nijar ba ta da gaɓar teku. Kafin takunkumin, yawancin shinkafa da man girki da sukari da magungunan da take saye daga waje ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke sauka, a ɗauko su a mota, su tsallaka gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Da aka toshe gadar, ɗaruruwan manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka. Dole aka koma tashar Lome ta Togo, a ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji saboda 'yan bindiga. Hanyar ta fi tsawo, ta fi haɗari, kuma motoci kan yi makonni suna jiran rakiya. Kowane kwanan jira kuɗi ne, kuma a kan mai saye yake ƙarewa. Cikin 'yan makonni farashin shinkafa ya tashi a Yamai da sauran garuruwa. A namu ɓangaren kasuwannin bakin iyaka suka yi sanyi, dillalai da 'yan dako da direbobi suka rasa abin yi, albasa da sauran kayan gwari suka riƙa ruɓewa a cikin motoci.

A Satumbar 2023 ƙasashen uku suka kafa Ƙawancen Ƙasashen Sahel, wato AES, a ranar 28 ga Janairu, 2024, kuma suka ba da sanarwar ficewa. ECOWAS ta janye takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar Nijeriya da Nijar a watan Maris, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ita Nijar ta ƙi buɗe tata iyakar da Benin a lokacin, bisa dalilan tsaro.

Ina harajin ya tsaya?

A nan nake son malamai su lura da kyau, domin akan cakuɗa abubuwa biyu. Tsadar da aka gani a 2023 takunkumi ne da rufe hanya suka kawo ta. Ita ficewar ba ta ɗora wani babban haraji nan take ba. A ranar da ta tabbata, ECOWAS ta umarci sauran ƙasashenta da su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, su kuma ci gaba da yafe wa kayansu haraji har sai an kammala tattaunawa. Haka nan ƙasashen uku ba su fita daga UEMOA ba a lokacin, wato ƙungiyar masu amfani da kuɗin sefa. Saboda haka cinikin Nijar da Togo ko Benin yana da wata inuwar da zai fake. Nijeriya da Gana kuwa ba sa cikin UEMOA. Ke nan sassaucin da ɗan kasuwar Katsina ko Sakkwato yake samu a da a matsayin haƙƙi, a 2025 ya koma alfarma, alfarma kuwa ana iya janye ta da sanarwa guda.

A Maris na 2025 AES ta sanya harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su daga waje, daidai da abin da ECOWAS ke karɓa domin tafiyar da ayyukanta. Wannan ƙaramin abu ne a kan buhu guda. Abin da ya fi girgiza kasuwa shi ne hana fitar da kaya. A Oktoban 2024 Nijar ta haramta fitar da hatsi zuwa kowace ƙasa in ban da Mali da Burkina Faso, a Mayun 2025 kuma ta dakatar da fitar da dabbobi gab da babbar salla. Manufar ita ce a sauƙaƙa wa mai saye na cikin gida. Amma makiyayin da ya yi shekara yana kiwon rago don kasuwar Nijeriya ya rasa babban mai sayensa, magidanci a Kano da Legas kuma ya tarar da rago ya yi tsada.

Ba daidai ba ne kuma a ɗora wa wannan rikici duk tsadar abincin da aka sha a Nijeriya. Hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, kuma manyan dalilanta su ne cire tallafin man fetur a Mayun 2023, da faɗuwar darajar naira, da rashin tsaron da ya hana manoma zuwa gona. Faɗuwar nairar ma ta sa hatsinmu ya yi arha ga mai riƙe da sefa, ya riƙa kwarara zuwa arewa ta ɓarauniyar hanya.

Abin da ya faru a wasu wurare

Muritaniya ta fita daga ECOWAS a Disambar 2000, amma a 2017 ta dawo ta sa hannu a kan yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar domin cinikinta. Birtaniya ta bar Tarayyar Turai a Janairun 2020, ta kuma ƙulla yarjejeniyar da ta yafe harajin kwastan tsakaninsu. Duk da haka, masu bincike a Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan sun ƙiyasta cewa takardu da binciken kaya a bakin iyaka sun ƙara wa farashin abinci kimanin kashi 6 cikin ɗari zuwa ƙarshen 2021. Wato ko ba a ƙara haraji ba, jinkiri da cike-ciken takardu kaɗai sun isa su sa abinci ya yi tsada.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, farashin abinci a ƙasar Hausa ya fi jin rufe hanya fiye da adadin harajin da aka rubuta a takarda. Haka aka gani a 1984 da 2019 da 2023. Kowace ƙasa tana da ikon zaɓen ƙungiyar da za ta zauna a ciki, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma damina ba ta yin kyau a ko'ina a shekara guda. Shekarar da Damagaram ta rasa, Kano ce ke cike mata giɓi, shekarar da muka rasa wake da nama, daga can suke zuwa. Shawarata ga hukumomin ƙasashen biyu ita ce su ƙulla yarjejeniya a rubuce wadda za ta tsame hatsi da dabbobi da magani daga duk wani saɓanin siyasa. Ga malamai kuma, ina roƙon su tura ɗalibansu wurin tsofaffin fatake da dillalan kasuwannin bakin iyaka, su rubuta abin da suka gani a waɗannan shekaru tun suna raye.