Na'urar Auna Halin Zuciya da Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Bayani ga Jama'armu ta Libreville

Abin da muke nufi da na'urar auna halin zuciya shi ne manhajar waya ko kwamfuta da ke duba fuskar mutum, ko muryarsa, ko rubutunsa, ko yawan barcinsa, sannan ta yi hasashen ko yana cikin damuwa, fargaba ko fushi.

Wannan bincike ya samo ƙarfi daga aikin Paul Ekman, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka. Ya je Papuwa Niyu Gini a 1967, ya ce akwai yanayi shida da fuska ke nunawa iri ɗaya a ko'ina: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. A 1997 Rosalind Picard ta jami'ar MIT ta wallafa littafin da ya aza harsashin koya wa kwamfuta gane waɗannan alamu. Sai dai a 2019 Lisa Feldman Barrett da abokan aikinta sun sake nazarin hujjojin, suka nuna cewa fuska kaɗai ba ta isa shaida a kan abin da ke zuciya ba. Tarayyar Turai ma, tun Fabrairun 2025, ta hana amfani da irin wannan fasaha a makarantu da wuraren aiki, sai don magani ko kare lafiya.

Me ya haɗa mu da wannan a Gabon? Babbar cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa tana Melen, a gefen Libreville, kuma tafiya ce mai nisa ga ɗan'uwanmu na Oyem ko Bitam. Waya kuwa tana aljihun kusan kowa. Tun 2016 Bankin Duniya ya amince da tallafa wa shirin eGabon don mayar da bayanan lafiya kan kwamfuta. Amfanin a bayyane yake: manhaja tana iya tunatar da mai jinya lokacin shan magani, ta haɗa shi da likita daga nesa, ta ankarar da shi idan barcinsa ya lalace.

Amma akwai iyaka. Bahaushe ya taso da kunya da dauriya. Ɗan kasuwar Mont-Bouët da bashi ya hana shi barci, in ka gaishe shi, lafiya lau zai ce, har da murmushi. Manhajar da galibi aka horar da Turanci da fuskokin wasu al'ummai za ta iya ɗaukarsa mai lafiya. Matarsa ko maƙwabcinsa a sahu su ne za su lura ya rame, ya daina zama cikin mutane.

Sannan akwai batun sirri. Gabon tana da dokar kare bayanan mutum tun 2011. Kafin ku sauke kowace manhaja, ku bincika wa ke ajiye abin da kuka faɗa mata, kuma ko ana sayar da shi. Haka nan bai halatta miji ko uba ya ɗora wa wani irin wannan manhaja a ɓoye ba, domin leƙen asiri ne.

Kula da ciwon zuciya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya bambance baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki, yana buƙatar magani. Saboda haka duk wanda damuwa ta kai shi mako biyu ba ya jin daɗin komai, ko ya fara zancen kashe kansa, a raka shi wurin likita ba tare da jinkiri ba, ko da manhaja ta ce lafiyarsa ƙalau. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.