Taswirar Inuwa: Bishiyoyi da Zirga-zirgar Jama'a a New Bell, Duwala

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin da ake bi wajen auna bishiyoyin birni da kai-komon mutane, ta gwada su a kan unguwar New Bell ta birnin Duwala a Kamaru, inda Hausawa suka daɗe da zama. Matsayarta ita ce, hoton tauraron ɗan'adam da bayanan wayar salula ba su isa su nuna inda inuwa ke tara jama'a ba, sai an taka an ƙirga.

1.0 Shimfiɗa

Rabon bishiyoyi a Duwala yana da tarihi. A 1914 Jamusawa suka tashi 'yan ƙasa daga Bonanjo da ke bakin kogin Wuri, suka bar fili mai faɗin kilomita 1 tsakaninsu da baƙar fata, New Bell kuma ta kafu a bayan filin. Sarki Rudolf Duala Manga Bell da ya ƙi yarda, rataye shi aka yi ranar 8 ga Agustan shekarar. Daga baya New Bell ta zama masaukin baƙi: fataken Hausawa, Bamileke da Basa. Yau titunan Bonanjo na da manyan itatuwa, New Bell kuwa kwano ne ke haɗe da kwano.

2.0 Iyakar ganin na'ura

Kowane ɗigo a hoton tauraron Landsat mita 30 ne, na Sentinel-2 da aka fara harbawa a 2015 kuwa mita 10. Mangwaro guda a tsakar gida, rufi ya kewaye shi, sai ya saje da kwano ya ɓace. Ga kuma hadari: ruwan Duwala na kusantar milimita 4,000 a shekara, hoto mai tsabta sai tsakanin Disamba da Fabrairu. Tsarin Treepedia da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2016 ya dogara ne da hotunan da mota ke ɗauka a kan titi, alhali lungunan unguwar Hausawa ko ɗan acaba, wanda a can ake kira bensikin, sai ya karkace yake wucewa.

Bayanan waya ma haka. Kamfanin Orange ya buɗe wa masu bincike irinsu a Kodibuwa a 2012, amma iyakarsu su nuna turken sadarwar da ya ɗauki kira. Ba sa bambanta mai gaggawar zuwa babbar kasuwa da dattijon da ya shimfiɗa tabarma a gindin bishiya tun Azahar. A ganinmu, wannan zaman shi ne ma'aunin amfanin bishiya, ba yawan ganyenta ba.

3.0 Hanyar da ake ba da shawara

A bi lungu-lungu da waya, a sa kowace bishiya a taswirar OpenStreetMap da irinta da faɗin inuwarta. Sannan a ƙirga masu wucewa daban, masu zama daban, bisa lokutan salla maimakon agogo, domin bayan La'asar ne majalisa ke cika, mai shayi ya hura wuta, mai tsire ya jera nama. Juma'a a ware mata lissafinta. Ba a rubuta sunan kowa. Tunda da yawa daga bishiyoyin a cikin gidaje suke, inda namiji baƙo ba ya shiga, dole a nemi izinin mai unguwa, a kuma sa mata cikin masu ƙidayar.