Sarauniya Amina Tsakanin Tarihi da Fim

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na 2021 kamfanin Netflix ya saki fim mai suna Amina, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarninsa, Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar. Fim ɗin ya ci kyautar AMVCA ta gwarzon fim a 2022, amma a ƙasar Hausa ya sha suka. Masu kallo sun koka da cewa an yi shi da Ingilishi, kuma suturar da aka yi amfani da ita ba ta Hausawa ba ce, an kuma karkatar da tarihi. Wannan maƙala za ta duba ƙorafi na ƙarshe.

2.0 Saɓanin Madogara

Madogaran tarihin Amina ba su haɗu a kan zamaninta ba. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda (1421-1438), ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, har Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Riwayar Zazzau kuwa ta ce ɗiyar Bakwa Turunku ce, wato a ƙarni na 16. Tazarar ta haura shekara ɗari.

3.0 Batun Bauchi

Muhammadu Bello a cikin Infaƙul Maisuri ya ambaci Bauchi cikin ƙasashen da Amina ta ci da yaƙi. Mai karatu a birnin Bauchi na iya zaton garinsu ake nufi, alhali Malam Yakubu bai kafa birnin ba sai a 1809. A wancan zamani kalmar tana nufin faffaɗan yankin da ke kudu da ƙasar Hausa. Ma'anar suna kan sauya, wanda bai lura ba sai ya gina tarihi a kan kuskure.

4.0 Kammalawa

Ke nan babu riwaya guda da za a auna fim ɗin da ita. Ƙorafin harshe da sutura ya fi ƙarfi, domin su ana da hujja a kansu. Alhakin da ya rataya a wuyan manazarta shi ne tattara riwayoyin baka a Zariya da Turunku da Bauchi kafin masu riƙe da su su ƙare. In ba haka ba, abin da yaranmu suka gani a fim shi zai zame musu tarihi.