Maki Biyu Tsakanin Wa da Ƙane

A 1874 Francis Galton ya fitar da littafi a kan masana kimiyya na Ingila, inda ya lura cewa 'ya'yan fari sun yi wa jerin yawa. Shi kansa auta ne a gidansu. Dalilin da ya kawo na zamaninsa ne: babban ɗa shi ke gadon dukiya, shi kuma iyaye ke ja a jika. Sai da aka fara yi wa matasan ƙasa guda jarrabawar auna basira iri ɗaya batun ya samu alƙaluman da za a iya dogara da su.

Lillian Belmont da Francis Marolla ne suka buɗe ƙofar a 1973. Sun duba makin samari kusan 400,000 'yan shekara 19 da aka gwada a ƙasar Holan domin aikin soja, suka ga maki na sauka daga ɗan fari zuwa na biyu zuwa na uku. Amma akwai tarko a nan. Ba a samun ɗa na shida sai a gidan da ya haifi shida, kuma a Turai irin waɗannan gidaje sun fi karkata ga masu ƙaramin ƙarfi da ƙarancin karatu. Mai bincike na iya zaton wa da ƙane yake aunawa, alhali gidan mai hali da gidan talaka ya ɗora a sikeli. Da wannan hujja Joseph Rodgers da abokan aikinsa suka ce a 2000 tazarar ta kusa ɓacewa idan aka kwatanta 'yan gida ɗaya a Amurka.

Binciken da ya fi gamsar da ni na ƙasar Norwe ne. A 2007 Petter Kristensen da Tor Bjerkedal sun bi bayanan samari sama da 240,000, suka samu tazarar maki kusan 2.3 tsakanin na fari da mai bi masa. Sannan suka ware waɗanda aka haifa na biyu amma babban ya rasu tun yana jariri. Makinsu ya zo daidai da na 'ya'yan fari. Ke nan ba mahaifa ce ta fifita wani ba, matsayin da yaro ya tashi a kai a cikin gida ne.

Masana sun rabu kan yadda hakan ke faruwa. Judith Blake ta ce lokacin iyaye da aljihunsu ke raguwa da kowace haihuwa. Robert Zajonc ya ƙara da cewa babba na koyar da ƙannensa, kuma mai koyarwa ya fi wanda ake koyarwa ƙaruwa. Duka bayanan biyu an gina su ne a kan gidan miji ɗaya, mata ɗaya. A ƙasar Hausa kuwa akwai kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma a hannun kaka yake tashi. A gidan mata uku, yaro na iya zama na fari a ɗakinsu, na bakwai a wurin ubansa. Wane layi za a sa shi? Hatta a Ekwado, bincike ya nuna ƙanne ne suka fi samun karatu a gidajen talakawa. Don haka ba a kwaso sakamakon Norwe a shimfiɗa shi a Kano ko Damagaram kai tsaye.

Sai a dubi girman tazarar. A ma'aunin da tsaka-tsakinsa 100 ne, mafi yawan jama'a na tsakanin 85 da 115. Mutum ɗaya in aka gwada shi yau aka sake bayan wata guda, makinsa na iya motsawa fiye da biyun da ake ta muhawara a kai. Julia Rohrer da abokan aikinta, da suka haɗa bayanan Amurka da Birtaniya da Jamus a 2015, sun nuna cewa a kusan huɗu cikin kowane goma na 'yan'uwa biyu, ƙaramin ne ke kan gaba. Jarrabawar ta iya gano ɗan bambanci a cikin dubban ɗaruruwa, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ba ta da bakin yanke hukunci tsakanin yara biyu da makinsu ya kusanci juna.

A nan nake saɓawa ɓangarori biyun da ke jayayya kan jarrabawar shiga jami'a. Masu cewa a soke ta sun manta cewa abin da zai maye gurbinta, wato wasiƙar shaida da sanayya, ya fi ta son kai. Jami'o'in Amurka da yawa sun sassauta sharaɗin jarrabawar shiga jami'a ta SAT a lokacin korona, amma MIT ta dawo da shi a 2022, Dartmouth a 2024. Hujjar Dartmouth abin lura ce: ɗalibai daga makarantun marasa galihu suna ɓoye makin da suke ganin bai kai ba, alhali da an gan shi tare da inda suka fito, da ya buɗe musu ƙofa. Masu ɗaukar maki tamkar ƙaddara kuma, Norwe ta ba su amsa: in rasuwar wa na iya ɗaga makin ƙane, to maki na ɗauke da tarihin gida, ba baiwa zalla ba.

Najeriya ta amince da rabin wannan. Jami'o'in tarayya na ware kashi 45 cikin ɗari na gurabe ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da su, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Sai dai ma'aunin jiha ne, ba gida ba. Ɗan babban sakatare da ya yi makarantar kuɗi a Gusau da 'yar manomin da ta fara taɓa kwamfuta ranar jarrabawar JAMB, in suka ci 220 kowannensu, layi ɗaya ake sa su.