Daga Kaunasu Zuwa Shekara: Abin da Sunayen Matan Birni Ke Faɗa



Kwanakin baya wata ƙanwarmu ta turo mini babi uku na labarin da take rubutawa don in duba mata. Ta kafa labarin a cikin birnin Kano zamanin Sarki Alu, kafin Turawa su shigo a 1903. Zubin ya yi kyau, Hausar ma ba laifi, ta kawo zaure da soro da marina da fatake. Amma sunan tauraruwar Nihal, ƙawarta kuma Afnan. Duk sanda na ci karo da Nihal sai in ga yarinya riƙe da waya tana jiran adaidaita sahu, birnin da aka gina mini ya rushe nan take. Na ce mata ta canja sunayen, ta ce to da waɗanne, ai sunayen da ba su da daɗi. Wannan amsa tata ce ta sa na koma na buɗe Tarihin Kano.

Littafin da nake nufi shi ne wanda aka rubuta da Larabci, ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda har Muhammadu Bello ɗan Dabo. H. R. Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, fassararsa ta Hausa kuma tana cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi na biyu. Yawancinmu yaƙe-yaƙe muke bi a ciki, da wa ya gina wace ƙofa. Amma akwai wata ɗabi'a ta marubucin da ba kowa ke lura da ita ba: kusan duk sarkin da ya ambata, kafin ya faɗi abin da ya yi, sai ya faɗi sunan uwarsa. Idan ka tsince waɗannan sunaye ka jera su, ka sami jerin sunayen matan Kano na kimanin shekara 900. Ban san wata taska da marubucin labarin tarihi zai fi buƙata ba.

Ga na farko-farko, da shekarun bisa lissafin Palmer. Uwar Bagauda, wanda ya fara sarauta a 999, sunanta Kaunasu. Uwar Warisi, Saju. Uwar Gijimasu, sarkin da ya fara ginin ganuwa, Yanas. Sai Munsada, da Yankuma, da Kumyerku. Uwar Yaji, wanda Wangarawa suka zo a zamaninsa, Maganarku. Uwar Kanajeji, Aunaka. Sai Yatara, da Tekidda, da Tasafi. A riƙa tunawa cewa sunayen nan sun bi ta haruffan Larabci, sannan suka bi ta kunnen Bature, don haka wasulansu sun sha wuya a hanya. Duk da haka ka sake karanta Kaunasu da Maganarku da ƙarfi. Kunnen Bahaushe yana jin ƙauna a na farko, yana jin magana a na biyu, kamar jimla ce aka naɗe aka yi suna da ita, irin yadda har yau muke da Barmani. Wannan dai jin kunnena ne, amma ya isa ya nuna cewa mutanen nan da harshensu suke raɗa wa 'ya'yansu suna.

Da na fara jera sunayen na ɗauka zan ga layi a miƙe, wato tsofaffin sunaye har zuwan Musulunci, daga nan sai na Larabci. Ba haka abin yake ba. Tsamiya ya yi sarauta daga 1307 zuwa 1343, kafin Yaji ke nan, amma sunan uwarsa Salamata. Bayan Yaji kuma, da masallaci da liman da ladan a gari, sai ga Aunaka da Yatara da Tekidda. Sunaye ba sa canjawa rana ɗaya. Gida ɗaya za ka sami kaka mai tsohon suna, uwa mai sabo, jika kuma an mayar mata da na kakar.

Inda canjin ya fito sosai shi ne zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, mai Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi, wanda Shehu Magili ya sauka a wurinsa. Uwarsa mutuniyar Rano ce, Palmer ya rubuta sunanta Fasima. Fatsima ke nan, wato Fatima da harshen Hausa ya lanƙwasa. Daga nan sai ka riƙa ganin Fasuma, da Hausatu, da Mariamma, da Halimatu. A lura da wannan lanƙwasa, don nan marubutanmu ke yawan tuntuɓe. Bakanuwar ƙarni na 19 ba ta ce Khadija, Hadiza ko Dije take cewa. Ba ta ce Hafsat, sai Hausatu ko Hansatu. Asiya ta zama Hasiya, Rukayya ta zama Rakiya, Maryam ta zama Mairo. Komawa ga lafazin Larabci tsantsa abu ne na baya-bayan nan, ya ƙarfafa ne da yaɗuwar makarantun Islamiyya da yawan zuwa Makka.

A cikin matan nan duka babu wadda littafin ya tsaya a kanta kamar Auwa, wato Hauwa, matar Rumfa, uwar Sarki Abdullahi da ya hau a 1499. Ba sunanta kaɗai aka faɗa ba, har da sarautarta, Madaki Auwa. Abdullahi ya fita yaƙi, ya dawo ya tarar Dagaci, wani babban ɗan sarautar Barno da zuriyarsa ta daɗe a Kano da dukiya da jama'a, yana shirin tawaye. Abin da ya hana garin kamawa da wuta shi ne ƙarfin faɗa-a-jin Auwa, ita kaɗai ta danne fitinar har ɗanta ya iso. Bayan Abdullahi jikanta Muhammadu Kisoki ya hau a 1509, littafin kuma ya nuna tare da mutum uku yake tafiyar da gari: uwarsa Iya Lamis, da kakarsa Madaki Auwa, da Guli ɗan'uwan Auwa. Wani ɗan nata, Abubakar Kado, shi ma ya yi sarauta daga baya. Abin mamaki, Rumfa ɗin da aka ce shi ya fara kulle, daga gidansa macen da ta fi kowace mace ƙarfi a littafin ta fito. Har yanzu ina jiran wanda zai rubuta mana labarin daren da Auwa ta aika a kira manyan gari. Mun ƙare a kan Sarauniya Amina, wadda ita ma littafin ya ambata a zamanin Sarki Dauda, alhali ga tamu a cikin ganuwa ba a taɓa ta ba.

Sunayen Larabci ba su kori na Hausa ba. Auta ta fito sau biyu a jerin. Uwar Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, Baiwa aka rubuta. Bayan jihadi ma, matar Ibrahim Dabo da ta haifi sarakuna uku a jere, Usman da Abdullahi Maje Karofi da Muhammadu Bello, sunanta Shekara. Daga 1846 har zuwa 1893 ɗan Shekara ne ke kan gadon Kano. Sunan na macen da ta daɗe a ciki ne, ta wuce watannin da aka saba, namijinsa Shekarau. Makarantar 'yan mata ta Shekara tana nan a cikin birni, kamar yadda asibitin yara na Hasiya Bayero ke ɗauke da sunan mahaifiyar Sarki Ado.

Dalilin dawwamar irin waɗannan sunaye shi ne mace a birni ba suna ɗaya gare ta ba. Akwai sunan yanka da liman ya faɗa ranar bakwai, akwai kuma wanda ake kiran ta da shi. Na biyun yakan fito daga ranar haihuwa: Ladi, Altine ko Tani, Talatu, Larai ko Balaraba, Lami, Jummai, Asabe. Ko daga halin da aka haife ta: Kande ko Delu idan maza ta biyo, Gambo idan tagwaye ta biyo, Azumi, Tasalla, Marka. Ko kuma daga alkunya, kuma nan ne abin ya fi zurfi. Uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari. Yarinyar da aka sa wa sunan kaka ba mai kiran ta da shi a gidan, sai ta zama Uwani ko Ummi ko Iya. Hauwa ta zama Kulu, A'isha ta zama Indo, Zainab ta zama Abu, Fatima ta zama Binta.

Ni kaina na girma a gaban kakata ta wajen uba, kowa Iya yake ce mata, 'ya'yanta da jikoki da maƙwabta har mai tallan itace. Ban san sunanta na yanka ba sai bayan rasuwarta, ranar da aka haifi 'yar yayana aka ce an mayar da sunan Iya. Na tsaya a zaure na kasa kunne, liman ya faɗa sau ɗaya, aka shafa fatiha. Kafin la'asar jaririyar ta zama Ummi, sunan ya sake komawa ɓoye. Girmamawa ce, ba mai musu. Amma ga mai neman tarihi tana da tsada, don macen da ba a faɗin sunanta da wuya a rubuta shi.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. A ƙasar Japan, daidai lokacin da lissafin Palmer ya sa Bagauda a Kano, wata mata a fadar Kyoto ta rubuta Labarin Genji, wanda da yawa ke kira ɗaya daga cikin ƙagaggun labarai mafiya daɗewa a duniya. Murasaki Shikibu ake ce mata, amma ba sunanta ba ne. Shikibu daga ofishin da mahaifinta ya riƙe ya fito, Murasaki kuma sunan wata tauraruwa ce a littafin nata. Takwararta Sei Shonagon ita ma laƙabi ne. Wata marubuciyar zamanin ba a san ta da komai ba sai uwar Michitsuna, wata kuma 'yar Takasue. A wurinsu ma faɗin sunan mace mai daraja a fili rashin ladabi ne. To ka ga bambancin: su rubutun matan ya tsira sunayen suka ɓata, mu kuma a Tarihin Kano sunayen sun tsira, muryoyin ne babu. 

Japanawa sun kuma nuna cewa suna yana da yayi. Ƙarin "ko" a ƙarshen sunan mace, mai ma'anar ɗa ko 'ya, da na gidajen sarauta ne. A ƙarni na 20 ya bazu ga kowa, shi ya sa ake da Junko Tabei, mace ta farko da ta hau ƙololuwar dutsen Everest a 1975, da Sadako Ogata da ta shugabanci hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1991 zuwa 2000. Yanzu ya ja baya, iyaye sun koma wasu sunaye. Marubucin Japan yana iya nuna shekarun mace da sunanta kawai. Mu ma haka: Jummai da Asabe yau galibi kakanni ne, Nihal kuwa ba ta kai talatin ba.

A ƙarnin da ya wuce sunayen matan sun fara fitowa da kansu, ba a bayan sunan ɗa ba. Hafsat Abdulwaheed, 'yar Ƙofar Mata, ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, mai Budurwar Zuciya da Alhaki Kwikwiyo Ne, sunan rana ta sa a bangon littafi, ta biyo shi da Ramat, sunan mahaifiyarsu, wanda yayanta Janar Murtala Ramat Muhammad shi ma aka san shi da shi. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri saboda NEPU, Hajaratu ne sunanta na yanka. Gambo ya faɗi yadda aka haife ta, Sawaba ya faɗi abin da ta tsaya a kai. In kana da naira ashirin a aljihu ka juya bayanta, Ladi Kwali ce mai ginin tukwane, Bagwariya mai sunan ranar Hausa.

Na koma wurin ƙanwar tamu da tambayoyi huɗu maimakon jerin sunaye. Wace rana aka haifi yarinyar? Wa ta biyo? Sunan wa aka sa mata? Wa ke iya faɗin sunan a gidan, wa ba ya iyawa? Bayan kwana biyu ta dawo. Yarinyar yanzu sunanta na yanka Hauwa, sunan uwar ubanta, an haife ta bayan maza uku. Unguwa na ce mata Kande, ubanta na ce mata Uwani, uwarta ba ta kiran ta da komai sai "ke 'yar nan". A babi na uku, inda aka zo ɗaurin aurenta da wani attajirin Kurmi ba da sonta ba, nan ne karo na farko da sunan Hauwa ya fito a labarin, daga bakin waliyyinta a zaure, ita kuma tana ɗaki tana ji ta taga.